Hannun Massamba

A bakin tekun Yoff, duk mai son ƙarfin damtse ba ya motsa jiki shi kaɗai. Za ka kife a kan yashi, ka dafa ƙasa da tafin hannu kana sauka kana tashi, abokinka kuma ya danne maka gadon baya da hannunsa. Ba ya ɗagawa sai ka ce da bakinka, “Ya isa.” Haka aka gada.

Gora Diop bai taɓa faɗin kalmar nan ba. Taurin kai gare shi, gara ya faɗi ya ci yashi. Mai danne shi tun suna samari Massamba Ndiaye ne, masunci, abokin wasansa.

“Faɗi mana, bawana,” in ji Massamba kullum. “Shinkafa da kifi na jira, na san can hankalinka yake.”

“Danna dai, acici. Hannunka ko na jariri ya fi shi nauyi.”

Da damina kwalekwalen su Massamba ya fita kamun kifi bai dawo ba. Ko gawa ba a samu ba.

Bayan zaman makoki Gora ya koma bakin teku da la'asar. Yana kifewa ya ji hannu a tsakiyar bayansa, mai faɗi, mai sanyi, daidai inda aka saba dafawa. Ya waiga, babu kowa sai masu gudu can nesa. Tsoro ya kama shi, amma ya ci gaba har ya faɗi. Da ya tashi, nauyin ya bi shi gida.

Tun daga ranar bai sake tafiya a miƙe ba. Yana ruku'u hannun na nan, yana cin abinci yana nan. Sai in yana sauka da tashi ne yake jin sauƙi, don haka ya yi ta yi safe da yamma, har gwiwoyin hannunsa suka kumbura. Shi da yake kafinta, har ta kai guduma ma tana kuɓuce masa. Matarsa Coumba ta ce in hannuwan nan suka mutu, ba ta san me yara za su ci ba.

Baba Ndiaga, tsohon ɗan kokawa da ke kula da filin motsa jiki na bakin tekun, ya daɗe yana kallonsa. Wata rana ya zo ya tsuguna kusa da kansa.

“Ɗana, waye yake danne ka?”

Gora ya ci gaba da sauka da tashi, gumi na ɗiga.

“Na san Massamba ne, kuma yaron nan ba ya karya doka. Ka taɓa sallamarsa kuwa?”

“In na faɗa, Baba, tafiya zai yi.”

“To ka riƙe shi a nan, shi bai huta ba, kai ba ka huta ba.”

Gora ya sake gwadawa. Ya sauka, ya yunƙura, ya kasa tasowa. Ya sa goshi a yashi, ya ce a hankali, “Ya isa, Massamba. Ka cinye ni.”

Nauyin ya ɗaga. Iskar teku ta taɓa wurin, ya ji sanyinta.

Ya daɗe a kife, bayansa sakayau, yana jiran a ce masa bawana. Da ba a ce ba, sai a lokacin ya yi kukan da bai yi ba ranar makoki.