Injin Askin Baba

"Ba za ki ba su ba, Mama!" Na fizge injin askin daga hannunta.

"Haba, ɗana. 'Yan cocinmu ne za su ci gaba da aikinsa."

Kowace Asabar Baba yakan rufe shagonsa na kayan gini, ya tafi asibiti ya yi wa marasa lafiya aski kyauta, yana yi musu addu'a. Jiya wurin jana'izarsa wani tsoho ya yi ta kuka, wai hannun Baba ya fi magani.

Ni kuwa, ɗan cikinsa, tun ina ƙarami shagon mai aski ake tura ni; Baba bai taɓa yi mini aski ba.

Na sunkuya, na nuna mata ƙeyata.

"Wannan tabon, Mama, ya ma san ina da shi kuwa?"