Gwajin Tanti

Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu, ɗaki ɗaya ya rage mana a tsaye. Shi ma bangonsa na gabas ya tsage, har ana hango dawar maƙwabta ta tsagar. Ni da mijina Malam Iliyasu kaɗai ne a gidan, yara duk sun yi aure.

Motar agaji ta gwamnati ta zo da shinkafa da tabarmi da fararen tantuna. Ma'aikatan da kansu suka kafa mana namu a tsakar gida.

Shinkafar dai kowa ya ci. Tantin ne aka ce da magana. Kamaruddeen mai cajin waya ya kunna wa mutane wata murya a wayarsa, wai an fesa wa yadin magani, duk wanda yake kwana ciki jininsa zai riƙa ƙonewa a hankali, in mun ƙare a ba kamfani gonakinmu. Tantin kuwa yana da wani wari irin na sabon gidan sauro.

Na ce, "Malam, tsagar nan fa ƙara buɗewa take yi. Mu koma tanti."

Ya ce, "Aina'u, gwamnatin da ba ta taɓa ba ni taki ba, yau ita ce da ba ni ɗaki? Bari a gwada tukuna."

Sai ya ɗaure awakinmu a ciki. Kullum da safe ya kora su ƙofar gida, Sha'aban mahauci ya ja fatar idonsu ya duba, ya buɗe bakinsu ya leƙa. Awaki ba ruwa ba iska, sai ƙiba suke yi. Sha'aban ya ce irin wannan ƙibar ma abin tsoro ce.

Na ce, "Malam, awakin nan sun fi mu lafiya."

Ya ce, "Irin wannan maganin ba ya gaggawa. A ƙara musu lokaci."

Ni dai na naɗe tabarmata na koma wajen awaki. Bai hana ni ba. Amma kullum bayan asuba sai ya zo bakin tanti ya ce in matso, ya ja fatar idona ya duba.

"Ba kya jin jiri?"

"Ba na ji. Ka shigo."

"Sai na ga ƙarshen gwajin."

Ranar da abin ya faru yayyafi ake yi, ba ma ruwan kirki ba. Ya dawo daga gona bayan azahar, ya shiga ɗaki ya ɗan kishingiɗa. Ina cikin tanti ina tsince wake. Ƙarar faɗuwar bangon ba ta da yawa, kamar an sauke buhu daga kan jaki. Kafin maza su kwashe ƙasar, rai ya yi halinsa.

A tantin na yi takaba, don ba wani ɗakin. Mata masu zuwa gaisuwa a waje suke zama, ko ana ruwa. Maƙwabciyata Tahira ta leƙo da kanta kawai.

Ta ce, "Allah ya ji ƙan Malam. Kin dai ga abin da ake faɗa. Tun da abin nan ya shigo gidan."

Na ce, "Ai ba a ciki yake ba, Tahira."

Ta ce, "To ina ga da a ciki yake."

Da kaka jar akuyarmu ta haifi biyu. Sha'aban ya aiko a kai masa su ƙofar gida, ya duba, ya ce a ci gaba da sa ido. Ni ba wanda ya sake duba nawa idon.