Wanda Ya Zo Ta Tudu

A garin kowa ya yarda babu mamacin da dattijo Mzee Kombo ya manta. Masunta kan ce ko kabarin da teku ta cinye ka nuna masa, zai gaya maka mai shi, da uwarsa, da kifin da ya fi so. Mata a bakin rijiya kuwa cewa suke kansa ya fi maƙabarta cika. Ƙanwarsa Mwanaidi tana jin duk wannan, sai dai ta yi tsaki ta ci gaba da gugar kwakwa.

Yau ma gugar take yi, don ranar addu'ar mamata ce. Kowace shekara, kafin iska ta juya jiragen ruwa su fita nesa, ana taruwa a tsohon masallacin bakin ruwa a kira sunayen mutanen garin da suka rasu, gida-gida, sannan a ci shinkafa da kwakwa. Kombo ne mai kira. Abin da ba a sani ba, shekarun nan kansa ya fara zuba. Mwanaidi ce ke zama bayan tagar ɓangaren mata, in ya yi gyaran murya ta raɗa masa sunan.

Ya leƙo madafa yana dogara sanda.

"Yaya, bana za ka kira mijina?"

"Kin fara ke nan."

"Ban fara ba, ci gaba nake yi. Masanja a garin nan ya tsufa. Rufin masallacin da za ka zauna ciki, wa ya gyara shi?"

"Allah ya saka masa. Amma ta tudu ya zo, aikin gonar kwakwa. Sunayen nan na 'yan gari ne."

"Telan nan Ba'indiye da ko damina uku bai yi ba, ai kana kiransa."

"Shi ta ruwa ya zo."

"Ta ruwa! To ai ɓawon kwakwa ma ta ruwa yake zuwa, sa shi a ciki mana."

"Kula da shinkafarki, tana kamawa."

Ta bi bayansa da harara. 'Ya'yanta sun iso daga Tanga a motar safe. Bara da aka watse, babbar 'yarta ta tambaye ta a hanya ko babansu a wani gari ya mutu ba su sani ba.

Bayan azahar masallaci ya cika. Samari sun ɗaura sabuwar lasifika, muryar Kombo har kasuwar kifi. Ya bi gidajen Larabawa, ya bi na masu dafa gishiri, ya kira telan ma, aka ce amin. Da ya shiga gidan maƙera jirgi ya kira Faki, sai ya tsaya. Ya yi gyaran murya.

Mwanaidi ta zuba wa lallen hannunta ido.

Ya sake gyarawa, da ƙarfi.

"A ba tsoho ruwa," in ji wani daga baya.

Kombo ya karkata wajen taga. Ya manta da abin maganar da ke gaban bakinsa.

"Mwanaidi, wane ne bayan Faki?"

Garin duka ya ji. Ɓangaren mata aka fara kallon-kallo, wata ta toshe baki da mayafi.

"Masanja," ta ce, ba da raɗa ba.

"Ke! Ba ɗan gidansu ba ne."

"Ni dai yau shi kaɗai nake tunawa."

Ruwan teku yana ta dukan katanga. Kombo ya share goshi da hularsa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon itatuwan rufin.

"Masanja ɗan Shija," ya ce. "Allah ya jiƙansa."

Amin ɗin da ta fito ta fi ta kowa ƙarfi. Mwanaidi ta ji 'yarta ta damƙe mata gwiwa.

"To, na kira. Sai wa?" in ji Kombo.

Ta sake zuba wa lallen hannunta ido. Saura gida tara, shinkafa tana hucewa, liman yana duba agogo. Kombo ya dubi abin maganar. Wannan karon ya san yana nan, kuma bai ture shi ba.

"'Yar'uwa," ya ce, muryarsa har kasuwa, "ban kyauta masa ba, ban kyauta miki ba. Ki yafe mini."