Akawal da Farin Zanen Safiya

Wata Juma'a a 2018 na kai iyalina wata gonar dawaki a garin Hatta da ke ƙasar Larabawa, don Bilqis, 'yata mai shekara tara, ta matsa sai ta hau doki. Ni kuwa ko titi ba na barinta ta tsallaka ita kaɗai.

Mai kula da dawakin, Maharazu, ɗan Damagaram ne. Na ce ya ba mu wanda ya fi sanyin hali.

"Ga Akawal, Alhaji," in ji shi. "Da ƙuruciyarsa a finafinan yaƙin sahara yake fitowa. Yanzu ya tsufa, daga cin dabino sai gyangyaɗi."

Ya ɗora Bilqis, ya ja su zuwa tsakiyar fili, ya saki linzami ya matsa gefe don in ɗauki hoto. Yarinyar tana kallon duwatsu, sai na tafa hannu da ƙarfi don ta juyo.

Akawal ya miƙe kunnuwa, ya zabura. Ya nufi ƙarshen filin, inda babu shinge, sai gangaren dutse. Bilqis ta rungume wuyansa. Na bi su a guje.

Can kusa da gangaren, matata Safiya ta shimfiɗa farin zane tana jera abinci. Da dokin ya iso bakin zanen sai ya ja birki, ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa. Ko kwano ɗaya bai taka ba.

Na sauke Bilqis, na dudduba hannu da ƙafa. Babu ko ƙwarzane. Na zauna a ƙasa ina hamdala.

Maharazu ya iso yana haki. "Ka yafe ni, Alhaji, ban gaya maka ba. A wurin fim da ƙarar buga katako, mai kama da tafi, ake tayar da shi, a bakin farin ƙyalle yake tsayawa. Na ɗauka ya manta."

"Baba, sake tafawa mana," in ji Bilqis.

Safiya ta miƙa wa Akawal dabino, ta dube ni. "Baban Bilqis, jarumi ya gama wasansa. Kai je ka nemo takalminka ɗaya."

Na nemo shi. Har muka bar gonar hannuwana suna cikin aljihu.