Allurar Tanti Filo

Muna cikin juya Filo a kan katifa ne wata yarinya ta shigo. Ni na riƙe kafaɗu, maƙwabciyarmu Maman Ahou ta riƙe ƙafafu tana kawar da hanci, Filo kuwa tana zagin mu.

"A hankali, Affoué, ba buhun rogo kike ɗagawa ba."

"Ai buhun rogo ya fi ki ƙamshi," in ji Maman Ahou.

Shekara da shekaru ɗakin Filo yana jikin nawa a gidan hayarmu na unguwar Yopougon. Rawa take yi a mashaya, irin wadda ake tuɓe tufafi ɗaya bayan ɗaya, in namiji ya yi mata kuma ta bi shi. Ba ta taɓa ɓoyewa ba. In matan gida suka yi mata habaici a bakin famfo sai ta ce, "Ku ma ai kwanciyar kuke yi, ladanku mari. Ni jikina nawa ne." Ranar da mijina ya fasa mini leɓe, ita ce ta fito da taɓarya ta kore shi har titi, sauran suna leƙe ta taga.

Da ta haura arba'in, Kipré mai mashayar ya mayar da ita rawar farko, lokacin da kujeru kaɗai ke kallo. Ya ce bayanta ya zube. Sai ta je wurin wata mata mai yin allurar ƙara mazaunai a ɗaki. Watannin farko har masu tasi tsayawa suke yi in ta wuce. Daga baya wurin ya kumbura, ya yi baƙi, ya fashe. Asibiti suka yanke abin da za su iya, suka sallamo ta. Tun daga nan rub da ciki take kwana.

Yarinyar da ta shigo Prisca ce, sabuwar 'yar rawar Kipré, ba ta wuce ashirin ba. Ta ajiye ledar lemo a bakin katifa.

"Tanti Filo, ya jiki?"

"Ga shi kina shaƙa. Kipré ne ya aiko ki?"

"Ya ce a gaishe ki."

"Hotona yana nan a ƙofar mashayar?"

Prisca ta dubi farcenta. "An sa nawa."

Filo ta ce in ɗaga zanen. Na ƙi, ta nace. Na ɗaga. Maman Ahou ta fice tana tofar da yawu. Na zaci yarinyar za ta bi ta, amma ta tsaya ta ƙare wa ciwon kallo.

"Amma kafin ya lalace, Tanti, duk unguwar nan babu kamarki," ta ce. "Wace ce ta yi miki allurar?"

"Ke, ba ki da ido ne?" na ce mata.

"Tanti Affoué, ke ayaba kike soyawa, ba wanda ya damu da bayanki. Ni jiya wani ya jefe ni da murfin kwalba, wai katako ya hau dandamali. Ita dai rashin sa'a ta yi."

Filo ta juyo da fuskarta daga matashi. Ta daɗe tana duban yarinyar, daga wuya har ƙafa.

"Bayan kasuwar Abobo," ta ce. "Gida mai shuɗiyar ƙofa. Ki tambayi Maman Kady, ki ce ni na turo ki."

Bayan yarinyar ta tafi na kasa haƙuri.

"Filo, me ya sa?"

"Jikinta ba nata ba ne?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya sake ta sai ta ce, "Kuma ni kaɗai zan ruɓe?"

Ban ƙara yi mata magana ba ranar, amma na wanke ta, don ba mai yi.

Wata ranar Lahadi da hantsi ta rasu, duk gidan sun tafi coci. Na kawo mata kunu na tarar fuskarta a nutse cikin matashi, hannunta ɗaya ya sauka ƙasa. Kafintan da ya zo awon akwati ya tambaya ko ya ƙara faɗi ta tsakiya. Mazan gidan suka yi dariya, har da mijina.

An kafa rumfa a titi ranar jana'iza. Kipré bai zo ba, ya aiko da giya da lasifika. Mutane ba su yi yawa ba, rabin kujerun roba babu kowa a kai. Can na hango Prisca a gefe cikin baƙar riga matsattsiya, samarin layi suna taɓa juna suna nuna ta. Bayanta ya cika taf.

Na ja kujera na kai mata.

"Zauna."

"Na gode, Tanti. An ce kada in zauna tukuna."

Haka ta tsaya har aka gama addu'a, ta dafa bayan kujerar da hannu biyu, gumi yana bin wuyanta.