Manhajar Matar Awaisu

Tafin ya daɗe fiye da yadda Awaisu ya zata. Shi ma yana tafawa, amma hannuwan kamar ba nasa ba. A gaban ɗakin taron matarsa Amatullahi ce tsaye tana gyara mayafi cikin kunya, bayanta kuma allon bango cike da layuka kore da ja.

"Malam Awaisu," in ji Alhaji Labo mai kamfanin, "ashe zinariya ka ɓoye mana a gida!"

Aka kwashe da dariya. Awaisu ya yaƙe haƙora.

Kamfanin hatsi da auduga ne a Funtua, mai rumbuna a Danja da Dandume da Dayi. Duk buhun da ya hau sikeli, nauyinsa da sunan manominsa sai sun bi intanet zuwa wata ma'ajiyar bayanai da kamfani ke haya, wadda ma'aikata ke kira kilawud. Hanyoyin da ke jigilar bayanan sun yi yawa, sun sarƙe kamar yaɗon kabewa. Wasu Awaisu ya shimfiɗa su, wasu 'yan kwangilar da suka daɗe da tafiya. Ba wanda ya san kansu sai shi, kuma a ƙwaƙwalwarsa yake riƙe da su. Da abu ya tsaya sai ka ji, "A kira Awaisu." Ko a wurin ɗaurin aure yake, waya na ruri. Yakan yi ƙorafi a baki, amma a zuci kiran nan ya fi masa albashi daɗi.

Shi da kansa ya roƙi Alhaji a ɗauki Amatullahi, tunda ta karanci kwamfuta a jami'a kuma takardar shaidar na kwance a akwati. Ya ɗauka 'yar taimako ya samu. Sai ta zauna shiru-shiru ta rubuta manhajar da ke shiga kilawud da kanta kowace safiya, ta zaƙulo kowace hanya, ta nuna inda take ɗauko bayani da inda take saukewa, ta sa wa mai rai kore, matacciya ja. Abin da ya yi shekaru yana tarawa a kansa, yau ga shi a bango, har masinja na iya karantawa.

* * *

Wayarsa ta yi shiru. Manajan rumbun Danja, wanda da ba ya wuni bai kira shi ba, yanzu in sun haɗu cewa yake, "A gaida Hajiya injiniya." Awaisu yakan ciro wayar ya duba ko caji ne ya ƙare.

Wata ranar Asabar suna cin tuwon masara, 'yarsu Nana na wasa a tsakar gida, Amatullahi ta ce, "Baban Nana, Alhaji ya ce za su tura ni kwas Kaduna. In na dawo a ba ni kula da sashen bayanai."

"Sashen bayanai." Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "To ni kuma sashen me za a bar mini? Gyaran firinta?"

"Haba, ai kai ne shugaba. Da ba ka zauna ka bayyana mini tsoffin hanyoyin nan ba, ina zan fara?"

"Na bayyana miki ne ki taimake ni, ba ki tuɓe ni a gaban mutane ba."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "Na ga ba ka samun hutu ne. Ko ranar sunan Nana a waya ka wuni. Don kai na yi."

Ya san gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona shi. Da ta yi masa gori da ya samu abin riƙewa. Ya wanke hannu ya fita.

* * *

Washegari ya hau mota zuwa Malumfashi wurin mahaifiyarsa, Hajiya Hansai. Ya same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa ya shiga jero ƙorafi: an bar yarinya hannun maƙwabta, abinci ba ya sauka kan lokaci, ofis cike da maza, shi kansa Alhaji Labo yabon da yake mata ya fara yawa.

Tsohuwar ba ta ɗaga kai ba sai da ya gama.

"Ka kama ta da wani abu?"

"A'a, Inna."

"Ta ɗaga maka murya?"

"Ba ta taɓa ba."

"To mi ta yi maka, Awaisu? Laifi ta yi, ko aikin nata ne ya yi kyau?"

Ya kafa wa kwanon gyaɗar ido.

"Ubanka," ta ce, "da na fara kiwon awaki suka yi albarka, har mutane suka fara cewa gidan Hansai mai awaki, rana ɗaya ya kore su kasuwa. Ya ce suna ɓata masa tsakar gida. Har ya koma ga Allah ban ce masa komai ba, amma ban manta ba." Ta hure ɓawon da ke tafinta. "Kai ne mai gida, ba wanda zai hana ka. Sai dai kada ka sa sunan bawan Allahn nan Labo cikin ƙazantar zuciyarka."

Ya dawo Funtua da maganar tana masa nauyi a ƙirji. Har ya ƙudura zai bar zancen. Amma ranar Litinin yana shiga ofis ya tarar an kawo wa Amatullahi sabon tebur mai faɗi, an ajiye kusa da taga, a wurin da ya daɗe yana roƙo a ba shi.

Da suka koma gida ya ce mata ta ajiye aikin.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "In sunan da ke kan manhajar ne matsala, ka cire nawa ka sa naka. Ka ce tare muka yi. Ni dai ka bar ni na riƙa zuwa."

Maganar ta soke shi har ƙashi. Sadaka ma za ta ba shi.

"Na gama magana," in ji shi.

Alhaji Labo ya kira shi, ya yi lallashi, ya yi faɗa, daga baya ya ɗaga hannu ya ce ba ya shiga tsakanin miji da mata. Ba a daɗe ba Awaisu ya sanar cewa manhajar tana da hatsari ga tsaron bayanai, ya kashe ta.

* * *

Kaka ta yi, masara ta cika rumbuna. Hanyar da ke ɗauko bayanan sikelin Dayi ta mutu, ba kuma jan layin da zai nuna. Sai da manoma suka taru a ƙofar rumbu cikin rana, ana ce musu kwamfuta ba ta san da buhunansu ba, sannan aka farga. Wani dattijo da matarsa ke kwance asibiti ya zauna a ƙasa ya rantse ba zai tashi ba sai an biya shi kuɗin masararsa.

"A kira Awaisu!"

Waya ta dawo da ruri. Ya wuni yana laluben inda abin ya tsinke, gumi na bin bayansa, manajoji na tsaye a kansa. Da ya gyara, har da masu sa masa albarka. Ya jira daɗin nan na da ya zo. Bai zo ba.

Ana gab da magariba ya iso gida. Zai yi sallama ke nan ya jiyo muryar Nana daga tsakar gida, sai ya tsaya a zaure. Amatullahi na zaune kan tabarma tana tsifar kan yarinyar.

"Mama, yau malama ta ce na fi kowa lissafi, har da mazan. In na girma kwamfuta zan karanta irin taki."

Hannun Amatullahi ya tsaya cikin gashin. Can ta ci gaba da tsifa a hankali.

"Ki karanta, Nana," ta ce. "Amma kada ki iya da yawa."

Awaisu ya daɗe tsaye a zaure da takalmi ɗaya a hannu, sallamar ta ƙi fitowa.