Tsohuwar Taswirar Kogi

Shekara ashirin mai awon filaye ya yi yana taka duwatsu da fadamun yankin da igiyar awo a kafaɗa. Amma da kwamitin neman sabuwar gunduma ya tashi zaɓen wanda zai kai takardu gaban hukuma, sai aka ɗauki ƙaninsa, malamin makaranta. Aka kuma ce in an dace, sunan wanda ya kai takardun za a sassaƙa a dutsen ƙofar ofis.

"Yaron da na koya wa ɗaura wando," ya ce wa matarsa.

"To ai ya iya ɗaurawa yanzu, Baban yara. Ci abincinka."

Ranar Laraba ƙanin ya leƙo shagonsa. "Yaya, taswira nake so. Ka san ni, tudu da kwari sai dai a kan allo."

Taswira biyu ce a durowa. Sabuwar ta nuna kogin da ya raba su da maƙwabta inda yake yau. Tsohuwar, wadda gara ta ci gefenta, an zana ta tun kafin ambaliya ta karkatar da ruwan, lokacin ƙauyen masunta yana wannan tsallaken. Ita ya miƙa masa. Nufinsa ƙanin ya je ya lissafa mutanen maƙwabta cikin nasu, manya su yi masa dariya, kwamiti ya dawo yana neman wanda ya san ƙasa.

Kwana uku yana zaman jiran labarin kunya. A na huɗu sai ga ƙanin a kan babur, jama'a na biye da shi suna tafi.

"Yaya, mun samu. Mutum dubu ashirin ake buƙata, kuma ban da masunta ba mu kai ba. Wani ya miƙe ya ce na sato mutanen maƙwabta, har an fara dariya. Sai babban jami'in ya duba shekarar taswirar, ya ce a doka iyaka awon farko take bi. Masunta ɗari bakwai namu ne."

Mai awo ya dube shi. "Ka gaya musu wanda ya ba ka ita?"

Ƙanin ya matso, ya rage murya. "Da ka ba ni, ka san da wannan dokar?"

Mai awo ya sunkuyar da kai.

"Shi ya sa ban faɗa ba, Yaya."

Washegari kwamiti ya aiko, ana so ya zo ya auna inda za a kafa dutsen. Matarsa ta sauko masa da igiyar daga ƙusa, ta kakkaɓe ta.

"A auna da kyau, Baban yara. Sunan ɗan gidanku ne."